Amsa ga mai tambaya kan tsohuwar jaket ɗin fata ta 'yan babur

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce wani mai gwanjo ya nuna maka baƙar jaket ɗin fata mai zif a karkace, da tambarin Schott a wuya, ya rantse maka ta shekarun 1950 ce, ya kuma tsuga kuɗi. Kana so ka sani ko ka saya, ko ka haƙura ka tara kuɗin irin sababbin da ake ɗinkawa a kan tsohon fasali, sannan ko za ka iya hawa babur da ita. Na kai shekara 11 ina wannan ɓarnar kuɗi, tun ina zaune a Ingila, kuma jaket 7 ne a rataye a ɗakina yanzu. Uwargida ta gaji da magana.

Mu fara da tambarin, tunda shi ya ɗauke maka hankali. Schott kamfani ne na gaske, wa da ƙani, Irving da Jack, suka kafa shi a New York a 1913. A 1928 suka fitar da jaket ɗinsu mai suna Perfecto, sunan sigarin da Irving ke so ne aka saka mata, kuma dala 5.50 ake sayar da ita a wajen wani dillalin baburan Harley-Davidson. Mai lamba 613 ita ce mai tauraro a kafaɗa, 618 ta biyo baya ba tauraro. Fim ɗin The Wild One na 1953, wanda Marlon Brando ya sa irin wannan jaket, shi ya yaɗa ta a duniya, kodayake har gobe masu tara kayan suna musu a kan ko ta Schott ce ya sa ko ta wani kamfani. Abin da mai gwanjon bai gaya maka ba shi ne Schott na nan da ransa, yana ɗinka 613 da 618 har yau a Amurka. Don haka tambari kaɗai ba ya gaya maka shekara. Tana iya zama ta asali amma ta shekara 15 da suka wuce, wadda ta sha jiki a cikin dila. Tana iya zama jabu, domin ɗinka tambari a wuyan riga aikin minti 5 ne.

Ni zif nake fara dubawa. Juya ɗan mariƙin ka karanta abin da aka buga a jiki. Tsofaffin jaket na Amurka za ka ga Talon, ko Conmar, ko Crown. Na Ingila kuma Lightning ko Clix. In ka ga YKK a jaket ɗin da aka ce ta Amurka ce ta shekarun 1950, to ɗayan biyu: ko an canja zif ɗin, ko an yi maka ƙarin shekaru. In an canja, za ka ga tsofaffin hujin allura a gefen sabon ɗinkin, domin fata ba ta mantuwa, inda allura ta shiga ya zauna ke nan. Kuma ka duba na hannu da na aljihu, su ba kasafai ake canja su ba.

Amma ko da komai ya tabbata, ga inda na ƙone. Shekarata ta biyu a harkar na sayi wata ta fatar doki a intanet, ba tambari, zif ɗin Talon, aljihu mai siffar D a ƙirji irin na jaket ɗin tsohon kamfanin Buco da na jaket ɗin Cycle Champ ta Harley. A hoto sai ka ce ka cinye ta. Baƙin ya koɗe a gwiwar hannu da bakin aljihu, ruwan ƙasa ya leƙo daga ciki. Ta iso, na sa, na tsaya gaban madubi ina jin kaina. Kwana 4 bayan nan na hau babur, na miƙa hannu zan kama kan, sai na ji kyaat a bayan kafaɗa. Na ɗauka zare ne ya tsinke. Ashe zaren na nan daram, fatar ce ta yage tana bin hujin allura ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yage rasit daga littafinsa. Na kai wa wani dattijo mai gyaran kayan fata. Ya zura yatsa ta cikin yagewar ya murza, ya fito da shi da wani gari ja-ja, ya nuna mini, ya girgiza kai. Fatar ta mutu tun kafin ta zo hannuna. In ya ɗinke nan, gobe can za ta buɗe. Mai sayarwar kuma ya ce ai ya rubuta tsohuwa ce. Tana nan a rataye, ado kawai.

Shi ya sa nake ce maka fatar za ka saya, shekara labari ce. Ka koma wajen mutumin da rana tsaka, kada ka yarda da hasken cikin shago. Nemi wuri ɓoyayye, ƙarƙashin kwala ko cikin hammata, ka ninke fatar da yatsu biyu. Mai rai za ta lanƙwashe ta dawo. Matacciya za ta yi ƙananan tsaga kamar dugadugi a hunturu. Ja ɗinkin hammata a hankali ka ga ko hujin na buɗewa. Shinshina shafin ciki: warin taba yana fita da wahala, warin fumfuna kuwa in ya shiga cikin audugar shafi sai dai a farke a sake sabo. Nemi inda bakin fatar ya fito fili ka ga bayanta. In yadi ne aka manna wa roba, leda ce, ko da ya kunna mata ashana a gabanka. Wannan wasan ashanar ba ya tabbatar da komai.

Akwai abu ɗaya da Turawan da ke rubutu a kan harkar ba su damu da shi ba, mu kuwa ya dame mu. Wasu masu arha ana yin su, ko a yi musu shafin aljihu da na kwala, da fatar alade. Gane ta ba wuya: ƙofofin gashinta manya ne, kuma uku-uku suke zama a tare kamar duwatsun murhu. Hukuncin sawa ka tambayi malaminka, ni dai in na gani ajiyewa nake yi.

Sai maganar kwaikwayo. Mutanenmu da sun ji an ce kwaikwayo sai su ɗauka jabu ake nufi, alhali abu biyu ne. Jabu shi ne wanda ya saci suna ya manna a kan kayan banza. Masu kwaikwayo kuwa mutane ne da ke samo tsohuwar jaket su warware ta, su auna kowane ƙyalle, su nemo irin fatar da irin zif ɗin, su ɗinka sabuwa da sunansu a jiki. Japanawa sun fi kowa nisa a nan. The Real McCoy's su ke fitar da jaket samfurin J-24 da J-100 na Buco, kamfanin Detroit da ya daɗe da rufewa, kuma da yawa cikin manyan masu ɗinkin Japan daga majemar Shinki ta garin Himeji suke samun fatar doki. A Sikotland akwai Aero a garin Galashiels, sun yi suna da fatar majemar Horween ta Chicago. Sannan akwai waɗanda ba kwaikwayo suke yi ba, nasu suke ci gaba da ɗinkawa: Lewis Leathers na Landan, masu jaket ɗin Bronx ta 1956 da Lightning ta 1958 da samarin Ace Cafe, matattarar 'yan babur a Landan, suka yi tashe da su, da Langlitz na Portland a Amurka da ke aiki tun 1947. Kada ka yi zaton arha. Da yawansu sun haura dala 1,000, wasu sun ninka haka, kafin kuɗin aikowa da na kwastan. Amma fatar sabuwa ce, zaren sabo ne, kuma tsufan da za ta yi a jikinka za ta yi shi. Ta Aero da nake da ita, watan farko ko hannu ba na iya ɗagawa sosai, in na tuɓe ta na ajiye a ƙasa tsayuwa take yi da kanta kamar kwando. Yau ita na fi sawa.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka bi lambar da ke wuya. 42 na da ba 42 na yanzu ba ne. Ɗauko rigar da ta zauna maka daidai, ka shimfiɗa ta, ka auna da tef daga hammata zuwa hammata, faɗin kafaɗa, tsawon hannu, da tsawon baya. Kuma ka sani gajeru ne da gangan. A zamanin, wando a cibiya yake zama, kuma an yanka jaket ɗin don mutumin da ke zaune ya duƙa a kan tanki. In ka sa ta a kan doguwar riga za ka fito kamar ka ari ta ƙaninka. Haka zif ɗin karkace, da maɓallan da ke danne kwala, da zif ɗin bakin hannu, duk don iska aka yi su. Bel ɗin gaba kuwa yana kankare fentin tanki, na gani a nawa. Jaket ɗin Lightning ta Lewis kuwa a gefe take da madauranta.

Batun hawa babur da ita, a nan ba zan yi maka kara ba. Tsohuwar jaket mai shekara 70 ba kariya ba ce. Ko sabuwar kwaikwayo, fata ce mai kauri da za ta taimaka in ka gurzu a kwalta, amma ba ta da matashin kariya a kafaɗa, gwiwar hannu da baya. In tafiyar nesa kake yi, nemi ta zamani mai shaidar EN 17092, wato ma'aunin Turai na rigunan kariyar 'yan babur, ajin AA ko AAA, ka bar waccan don zagayen gari. Kuma ka yi lissafin yanayi. In a Kano ko Sakkwato kake, daga Disamba zuwa Janairu ne kawai za ka more ta, shi ma da sassafe ko da dare. Mutanen Jos da Mambila sun fi mu riba.

Ajiya ita ce sauran aikin. Damina na kawo fumfuna, hunturu na busar da fata, duka biyun na kashe ta. Rataye ta a marataya mai faɗin kafaɗa, ba a ƙusa ba, kada ka kulle ta a leda, in ruwa ya dake ta ka bar ta ta bushe a inuwa. Mai kuwa kaɗan, sau ɗaya a shekara ya isa. Na taɓa lafta wa wata man kaɗanya don ganin dukawa na shafa wa kayansu mai, ta yi danƙo, ta kwashe ƙurar unguwa gaba ɗaya, sai da na yi sati ina gogewa. Man takalmi ma kada ya kusance ta, zai bi farar rigarka.

In ka koma, ɗauko mana hoton mariƙin babban zif gaba da baya, da na hannu, da tambarin wuya, da duk wata 'yar takarda da ke cikin aljihu, sannan ka ninke fatar ƙarƙashin kwala ka ɗauka a rana. Kada ka ba shi ko kafin alƙalami sai mun gani.