Tayar keken tsere: faɗi nawa za ka saya, iska nawa za ka buga?

Tambaya daga Rayfield, Jos: Na sayi keken tsere na gwanjo, an rubuta 700x23 a jikin tayoyinsa. Nauyina kilo 78. Ina buga iska har PSI 120 kamar yadda na gani a jikin tayar. In na je Bukuru na dawo, hannuwana su yi sanyi kamar ba nawa ba, ƙuguna kuma ya riƙe. An ce in canza sirdi. Wanne zan saya?

Amsa: Malam, ajiye kuɗin sirdin tukuna. Matsalarka tana ƙasa, inda keken ke taɓa kwalta.

PSI ma'aunin ƙarfin iskar taya ne, kuma wannan 120 da ka gani ba umarni ba ne. Iyaka ce da kamfani ya sa, wato kada a wuce nan. Keken tsere ba shi da shokozoba, iskar da ke cikin taya ita ce kaɗai ke shanye gargadar hanya. In ka cika ta ta yi tauri, duk tsakuwar da ka taka sai ta ɗaga ka tare da keken gaba ɗaya, girgizar ta bi ta fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, ta shiga tafin hannu, ta bi ta sirdi ta shiga ƙugu. Mutane da yawa suna jin wannan karkarwar su ɗauka gudu suke yi, alhali ƙarfin da ya kamata ya tura keke gaba ne yake ƙarewa wajen jijjiga jikinsu. A kan daɓe mai santsi irin na filin tseren keke na cikin gida, iska mai yawa tana rage jan taya, wannan gaskiya ne. A kan kwaltar da ta sha damina ta sha faci, akwai inda ake kaiwa ƙarin iska ya koma rage gudu.

Sai dai taya mai faɗin milimita 23, abin da 23 ɗin jikin tayarka ke nufi ke nan, ba ta ba ka wurin ragewa sosai. Iskar cikinta kaɗan ce, a nauyinka kana bukatar kusan 100 a baya da 95 a gaba. Sauka zuwa nan yau ɗin nan, za ka ji sauƙi. In ka yi ƙasa da haka da yawa, rami na farko zai matse tiyub a jikin rim ya fasa shi.

Saboda haka abin saye shi ne taya mai faɗin 28, in keken zai ɗauka. Ga inda mai kilo 78 zai fara, da tiyub a ciki: taya 25, iska 90 a baya da 85 a gaba; taya 28, iska 76 zuwa 78 a baya da 70 a gaba; taya 32, iska 63 a baya da 58 a gaba. In famfonka da bar yake ƙirgawa, bar 1 daidai yake da PSI 14.5. Ana rage ta gaba ne don tayar baya ce ke ɗauke da fiye da rabin nauyi, kusan kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari.

Ga kuskuren da ke ɓata wa mutane kuɗi: su sayi 28, su buga mata 100 ɗin da suka saba, sannan su ce ba su ji bambanci ba. Ba za su ji ba, ƙila ma ta fi tsohuwar tauri. Amfanin faɗi shi ne yana ba ka damar rage iska ba tare da rim ya daki ƙasa ba. Faɗi ba tare da rage iska ba, nauyi kawai ka ƙara.

Kada kuma tsoron raguwar gudu ya hana ka. A da ƙwararrun 'yan tsere na Turai 23 suke hawa, yanzu yawancinsu sun koma 28 zuwa 30, a tseren Paris-Roubaix na Faransa kuwa, da ake bi ta kan shimfiɗaɗɗun duwatsu, har 32 suke sawa.

Lambobin nan mafari ne. Zaɓi wani yanki na hanyar da ka saba bi, ka riƙa rage PSI 3 duk fita. Ranar da ka ji ƙarfen rim ya ce "ƙwas" a bakin rami, ko bayan keken yana lilo a kwana, ka wuce gona da iri, ƙara 4 ko 5 ka tsaya nan. In bayan mako biyu hannu bai daina mutuwa ba, to a duba tsawon sirdi da nisan kan keken.

Tambaya daga Tudun Wada: Ta yaya zan san 28 ko 32 za ta shiga kekena kafin in biya? Birkina na rim ne.

Amsa: Da awo, ba da ido ba. Ana son a bar aƙalla milimita 4 tsakanin taya da jikin keke ta kowane ɓangare. Daga 23 zuwa 28, taya za ta ƙaru da kusan milimita 2.5 a kowane gefe, da kusan 5 a sama. Ke nan da tayarka ta yanzu kana neman sarari na milimita 6 zuwa 7 a gefe, da 9 a sama. Ɗauki makullan alanki masu lambar da ke nuna kaurinsu a milimita, ka zura su a wurare huɗu: ƙarƙashin fok, cikin bakin birki gaba da baya, tsakanin ƙarfuna biyun da suka taso daga wajen feda zuwa tayar baya, da bayan bututun da ke ɗauke da sirdi. Wurin da ya fi matsewa shi ne mai hukunci.

Kekuna masu birkin rim galibi 25 ko 28 ne iyakarsu. Masu birkin faifai na zamani suna ɗaukar 32, wasu fiye. Ka lura kuma cewa lambar jikin taya ba kullum take zama gaskiya ba bayan an ɗaura: 28 a kan rim mai faɗin ciki 21 tana iya kaiwa 30, a kan tsohon rim mai 15 kuma ta tsaya a 27 ko 28. In rim ɗinka siriri ne irin wannan, haƙura da taya 32.

Kada ka yarda da "ai tana juyawa". Da damina jar ƙasa da tsakuwa suna manne wa taya, su goge fenti, in firam ɗin na kabon ne su ci shi har ya raunana. Ka sayi tiyub daidai da sabuwar tayar, wanda aka rubuta 700x28-32. Na 18-25 zai miƙe fiye da kima, ya yi saurin fashewa.

Tambaya daga Farin Gada: Sau uku a wata guda ina faci, kullum huji biyu ne a jere. Mai faci ya ce tayar ce ba ta da kyau.

Amsa: Huji biyu gefe da gefe kamar saran maciji alama ce guda: iska ta yi kaɗan, ka daki rami ko bakin kwalta, rim ya datse tiyub. Ba laifin taya ba ne. Huji ɗaya ta waje aikin kwalba ne, ko waya, ko ƙayar tsidau, sai ka shafa cikin tayar a hankali ka cire abin kafin ka mayar. Huji ta ciki, wajen rim, yana nufin tef ɗin da ke rufe ramukan sifok ya goce ko ya tsage, a canza shi.

Yawanci abin da ke jawo irin naka shi ne awo da yatsa. Babban yatsa ba ya bambance 60 da 90, duka tauri zai ji. Tiyub siriri kuma yana sace iska ko babu huji, cikin mako guda ya yi ƙasa sosai. Sayi famfon tsaye mai geji, ka duba duk kwana biyu ko uku. Wannan famfon ya fi maka taya mai tsada amfani. Ka tabbata bakinsa yana kama bawul ɗin Presta, siririn nan mai ɗan noti a kai. Injin mai faci na bawul ɗin mota ne, ba ya kama shi sai da 'yar adafta, kuma yana cika irin wannan tayar cikin ƙiftawar ido, ba wuya a zarce iyaka. Kada a bari a saka sukuddireba wajen mayar da taya, nan ma ana datse tiyub.

Tambaya daga Lamingo: Nauyina kilo 58, maigidana 90. Tayoyinmu duka 28 ne, iska ɗaya yake buga mana, 90. Ni dai keken yana tsalle da ni.

Amsa: Hajiya, dole ya yi tsalle. Iskar da ta dace da shi ta yi miki yawa ƙwarai. A taya 28, lambar kilon mutum tana kusa da iskar da zai fara da ita a baya. Ke 60 a baya, 55 a gaba. Shi 86 zuwa 88 a baya, 80 a gaba. In an yi ruwa ku rage 5 kowannenku, tayar za ta fi kama kwalta a kwana.

Sanyin safiyar Jos ma yana da tasiri. Tayar da aka buga wa 80 da asuba tana iya ƙara kusan 6 in zafinta ya hau da digiri 20 da rana. Mai birkin rim da zai sauka doguwar gangara irin ta Hawan Kibo kada ya fara da iska kusa da iyaka, don matse birki yana gasa rim, iska ta ƙara hawa. Tsayin Jos kuwa, kusan mita 1,200, ba abin damuwa ba ne: tsakaninsa da Abuja bambancin a geji bai wuce PSI ɗaya da 'yan kai ba.

Tambaya daga Anguwan Rogo: In koma taya marar tiyub?

Amsa: In rim da tayar duka an yi su don haka, kuma faɗin ya kai 28, tana da daɗi: za ka rage wani PSI 5 zuwa 8, babu tiyub da za a datse, ruwan liƙin da ake zubawa, mililita 40 zuwa 60 a kowace taya, yana toshe ƙananan huji da kansa. Amma ruwan yana bushewa, da hunturu ma ya fi sauri, sai ka riƙa dubawa duk wata biyu ko uku. In ba ka da inda za ka riƙa samunsa, zauna da tiyub. Idan rim ɗinka irin wanda ba shi da ƙugiya a baki ne, PSI 72.5, wato bar 5, shi ne iyakarsa ko da an rubuta fiye da haka a jikin taya. Mai kilo 90 a irin wannan rim ya nemi 30 ko 32, kuma ya riƙa tafiya da tiyub ɗaya a aljihu don tsagar da ruwan ba zai iya toshewa ba.