Tambaya da Amsa: Rahoton da ke bin dilan da ka buɗe

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni akanta ne a wani kamfanin sayar da taki da maganin feshi da iri a cikin garin Gombe, muna da rassa a Kumo da Bajoga da Dukku. Da manhajar lissafin kasuwanci ta Microsoft mai suna Dynamics 365 Business Central muke aiki. Maigida ya ji cewa ana iya haɗa ta da Power BI, manhajar haɗa rahotanni, ta yadda da zarar ka danna sunan dila, bayanansa za su fito a gefen allo ba sai an je an ciro rahoto ba. Mun kunna, akwatin ma ya fito, amma ko wane dila na danna, lissafin kamfani gaba ɗaya yake nuna mini. Ina matsalar take, kuma ta ina ya kamata mu faro?
Daga wani akanta, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam Akanta. Gyaran abin da ka yi ƙorafi a kai ba zai ci maka minti goma ba, don haka bari mu fara sallamarsa. Akwatin nan na gefe bai san dilan da kake kallo ba sai manhajar ta miƙa masa lambarsa, kuma ba ta da inda za ta miƙa sai ta ƙofar da mai haɗa rahoton ya bari a buɗe. Ka buɗe rahoton a Power BI Desktop, wato manhajar kwamfuta da ake gina rahoton da ita, ka ɗauko gurbin lambar dila, wato lambar nan da ke saman katinsa (shafin bayanansa a Business Central) wadda babu mutum biyu da ke da ita, ka ajiye ta a cikin filtar (matatar bayanai) da ke aiki a kan dukkan shafukan rahoton. Ka bar filtar a nau'inta mai sauƙi (Basic), kada ka zaɓi kowa a ciki. Yawancin waɗanda suka kawo mini wannan kuka, sunan dila suka sa a filta maimakon lambarsa, ko suka maƙala ta a kan zane guda. Sannan ka mayar da girman shafin fiksel 325 da 310, shi ne ma'aunin da Microsoft ta bayar don rahoto ya zauna daidai a akwatin. Ka sake ɗora rahoton a Power BI, ka koma jerin diloli ka zaɓe shi. In sha Allahu za ka ga yana canzawa kana sauka daga suna zuwa suna.

Rabin tambayarka na biyu shi ya fi ɗaukar hankalina, don a nan kamfanoni ke zubar da kuɗi.

Ka ɗauka muna watan Yuni, damina ta kankama, wani dilanku na Kumo yana tsaye a gaban kanta. Motarsa na bakin sito, 'yan dako sun riga sun tuɓe riguna suna jiran a ce su fara, shi kuma yana cewa a ƙara masa buhu 200 na Yuriya zuwa kaka. Kashiya tana da kamar minti biyu kafin ta ce to ko ta kira maigida. Me take buƙatar gani a waɗannan minti biyun? Nawa ake binsa yanzu, nawa ne a ciki lokacinsa ya wuce, yaushe rabonsa da biya, kuma bara da ya ɗauki kaya a damina a wane wata ya kammala biya. Abu huɗu ke nan, kuma su kaɗai ya kamata su shiga akwatin. Na sha ganin an cusa zane shida masu launi a wannan ɗan wurin da bai kai tafin hannu biyu ba, har da taswirar Nijeriya, kashiya kuwa ta ci gaba da jawo tsohon littafinta daga aljihun tebur, kuma ban ga laifinta ba. Saboda haka kafin ka taɓa kwamfuta, ka ja kujera ka zauna kusa da ita wuni guda a ranar da ake cika, ka rubuta tambayoyin da take yi da baki. Da su za ka gina rahoton.

A kan na huɗun nan zan ɗan tsaya. Sharaɗin biyan da aka saba sakawa a Business Central na ɗan gajeren lokaci ne, kamar kwana 30 ko 60, alhali dilan taki a ƙasar Gombe ba ya samun kuɗi sai manomi ya girbe masara da wake ya kai kasuwa, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da kasuwar Tudun Hatsi ke cika da buhuna. In ka bar sharaɗin biya yadda ya zo, kafin Agusta kowane dila zai koma ja a allonka, mai gaskiya da mai taurin bashi, jan kuma ya daina nufin komai. Ku zauna da maigida ku rubuta sharaɗin da kuka yi da kowane dila da baki, ku shigar da shi a katinsa tare da iyakar bashinsa. Wannan aikin ba na injiniya ba ne, kai da maigida ne kuka san wa aka ce wa "sai kaka".

Daga nan sai babban aikin, wanda kowa ke gudu. Tunda lamba ce ke haɗa allon da rahoton, dole mutum ɗaya ya zama da lamba ɗaya. Ka buɗe jerin dilolinku yau ka duba da kyau. Ina da yaƙinin za ka tarar da mutum guda an buɗe masa kati uku: ɗaya da cikakken Alhaji, ɗaya da Alh. a gajarce, ɗaya da laƙabin da aka san shi da shi a kasuwa, wanda yaron reshen Bajoga ya buɗe ranar da ya nemi sunan bai gani ba. Bashinsa ya rabu gida uku, akwatin kuma na ɗaya kawai zai nuna. Kashiya ta ga naira miliyan biyu ta saki kaya, ashe shida ake binsa. Rahoton bai yi ƙarya ba, abin da aka zuba masa ya bayar, tulu ai abin da ke cikinsa yake tsatsafowa. Business Central tana da hanyar haɗe kati biyu su zama ɗaya, tarihin cinikin ya koma wuri guda. Ka bi su da lambar waya, ita ce ta fi saurin tona su, kuma ka tabbatar da kowanne wajen manajan reshe kafin ka haɗe, don haɗewar ba ta warwaruwa cikin sauƙi. Bayan nan ka ƙwace ikon buɗe sabon kati daga hannun kowa, ka bar wa mutum ɗaya ko biyu. Haka za ka yi wa kaya in kun zo kansu: maganin feshin da Dukku ke shigarwa da katan, Gombe na shigarwa da kwalba, sai an daidaita ma'auninsa kafin a yarda da abin da aka ce ya rage a sito.

Akwai kuma maganar sabunta bayanai. Rahoton Power BI da aka gina ta hanyar kwaso bayanai ba kai-tsaye yake kallon manhajarku ba, yana ɗiba ne lokaci-lokaci. Da lasisin Power BI Pro, sau takwas a rana za ka iya tsara masa ya sabunta kansa. Ma'ana dilan da ya yi tiransifa ƙarfe goma zai iya zuwa ƙarfe sha ɗaya akwatin na nuna tsohon bashinsa, a yi ta musu a gaban mutane, ya tafi da ɓacin rai. Ka rubuta lokacin sabuntawa na ƙarshe ƙarara a ƙasan rahoton, ka jera sabuntawar takwas ɗin cikin awannin ciniki maimakon dare, ka kuma gaya wa kashiya cewa in za a yi maganar adadin bashi na wannan minti, katin dila za ta duba. Reshen da ke tara rasitai a takarda saboda rashin sabis ko ɗaukewar wuta, ya shigar da su da yamma, shi ma a san da haka.

Abin da nake roƙonka kada ka tsallake shi ne wa zai ga me. Izinin da kuka tsara a cikin Business Central ba ya bin bayanan zuwa Power BI da kansa, domin da asusun wanda ya tsara sabuntawa ake kwaso su, kuma galibi kai ne, mai ganin komai. In ba ka saka takunkumi a cikin rahoton ba, yaron kanta na Dukku zai iya ganin bashin dilolin Kumo, har da ribar da kuke ci a kan buhu in ka saka ta. Power BI na da tsarin taƙaita layukan da kowane ma'aikaci zai gani, ka ɗaure shi da lambar reshe. Sirrin bashin mutum amana ce, a gari irin namu da kowa ya san kowa magana ɗaya ta isa ta zubar wa dattijo mutunci a kasuwa. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta ɗora wa kamfani alhakin sunaye da lambobin wayar da yake riƙe da su.

Ku fara da jerin diloli kawai, a hedikwata kawai, har damina ɗaya ta wuce. In kashiya ta daina jawo littafin nan, sai ku kai rassa, sannan ku taɓa shafin kaya.

TAMBAYA: Ina da shagon kayan masarufi guda biyu a Azare, a Excel nake lissafina. Ni ma ina buƙatar irin wannan?
Daga wata 'yar kasuwa, Azare, jihar Bauchi.

AMSA: Hajiya, a yanzu dai a'a, ki riƙe kuɗinki ki ƙara jari. Lasisin waɗannan manhajoji duk wata ake biya, kan kowane ma'aikaci, kuma farashinsu da dala yake tafiya. Abin da zai amfane ki daga amsar da ke sama shi ne lamba. Ki ba kowane mai karɓar kaya bashi lambarsa, ki daina rubuta suna da hannu a kowane layi, ki ware shafi guda inda in kin buga lambar, jimillar abin da ya ɗauka da abin da ya biya da ranar biyansa ta ƙarshe za su fito. Duk wanda ya iya Excel sosai zai haɗa miki shi a zama ɗaya. Ki riƙa ajiye kwafin fayil ɗin a wani wuri daban duk ranar Juma'a.