Amsar Anti kan kwanukan da ke kwana a farin wata

Salamu alaikum 'yan gida. Anti, na ga bidiyon da kika turo na mutanen da suka jera kwanuka a saman bene da daddare, kika ce tunda ina karatu a Indiya in faɗa muku mene ne. Bari in yi murya, rubutu zai yi tsawo.

Sunan daren Sharad Purnima. Purnima shi ne daren da wata ya cika, Sharad kuma kaka ce, bayan damina ta ɗauke. Yana zuwa a watansu na Ashwin, galibi cikin Oktoba. Abin da ke cikin kwanukan shinkafa ce dafaffiya da madara da sukari, kir suke ce mata. A aƙidar Hindu wata yana da kashi 16, kuma duk shekara a wannan dare kaɗai suke cika duka, har haskensa ya zubo da abin da suke kira amrit, wato ruwan rai. Shi ya sa ake rufe kwanon da yadi mai shara-shara a bar shi ya kwana a waje, da safe a raba wa iyali.

To ga inda lissafin taurari ya shigo, kuma nan ne ya fi jan hankalina. Sun raba hanyar wata gida 27, suna ce musu nakshatra. Gida na farko sunansa Ashwini, a kusa da shi wata ke cika a wannan lokaci, daga nan ma watan Ashwin ya samo sunansa. Masu wannan gida a wurinsu tagwaye ne, Ashwini Kumar, waɗanda suka ɗauka likitocin allolinsu ne. Kin ga tushen maganar waraka ke nan. Sannan wata a ilminsu shi ke riƙe da hankali da natsuwar zuciya, don haka mutum ya zauna a haskensa, a ganinsu, sanyaya zuciya ne. Anti, taurari biyun da ke gidan Ashwini fa su ne Sharaɗaini, manzilar farko cikin manzilolin wata 28 da malamanmu na zaure ke lissafawa. Ranar da na gane haka na daɗe ina kallon sama.

Amma abin da suka fi ba wa muhimmanci shi ne raya daren. A nan Pune Kojagiri suke ce masa, daga kalmar da ke nufin "wa ke farke?" Sun ce Lakshmi, allahiyar arzikinsu, tana zagaya gidaje tana wannan tambaya, wanda ta samu ido biyu shi ke da rabo. Maƙwabta kan haɗu su tafasa madara da kayan ƙamshi, su jira sai sun ga hoton wata a cikin tukunyar kafin su sha. A garin Birindaban kuwa daren rawar Krishna ne, ɗaya daga cikin allolinsu, da mata makiyaya.

Ranar 28 ga Oktoba 2023 husufin wata ya faɗo daidai wannan dare. Su husufi suna danganta shi da Rahu, wani dodo da suka ce yana haɗiye wata, kuma ba sa son husufin ya taɓa abinci. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta zauna a ƙofar ɗaki da mayafinta, ba ta runtsa ba, sai bayan ƙarfe 2 na dare da wata ya washe sannan ta hau da kwanonta sama.