Ina zan ajiye motar zango da jirgin ruwa a Siyatil?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Siyatil ta jihar Washington a Amurka. Na sayi motar nan mai ɗaki da kicin a ciki da ake kira RV, ga kuma ƙaramin jirgin ruwa mai inji a kan tirela. Gidan haya nake, babu fili, damina kuma ta ƙarato. In lulluɓe su da tamfol a bakin titi, ko in biya kuɗin wurin ajiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Bakin titi dai cire shi a lissafi. Dokar birnin ta hana barin mota wuri guda fiye da awa 72, kuma motar da faɗinta ya wuce inci 80 ba ta kwana a titi daga 12 na dare zuwa 6 na safe sai a unguwannin masana'antu. Yawancin RV sun wuce wannan faɗin. Tara ce za ta biyo baya, ko a ja motar.

Abin da zai ci maka kaya a Siyatil danshi ne. Ruwan da ke sauka a shekara bai ma kai na New York ba, amma yayyafi ne na kusan kwana 150, galibi daga Oktoba zuwa Afrilu, rana ba ta leƙowa balle abu ya bushe. Shi ya sa tamfol ɗin roba ya fi ɓarna: yana tsare laima a ciki. Ka buɗe a watan Maris ka tarar katifa ta yi baƙi da fumfuna, kabad yana wari, gansakuka ta kama bakin tagogi. In dole sai ka rufe, nemi mayafin da iska ke ratsawa.

A ganina rumfa mai rufin kwano, gefe a buɗe, ita ce daidai kuɗinka. Fili mara rufi ya fi araha, rufaffen ɗaki mai ɗumi kuwa tsadarsa sai mai hali. Cikin gari wuri ya yi ƙaranci, don haka duba kudu wajen Kent, Auburn da Puyallup, ko arewa wajen Everett. Wasu har Yakima suke kaiwa, bayan duwatsun Cascade inda ruwa kaɗan ne, sai dai sanyin can ya fi tsanani, hanyar kuma takan sha ƙanƙara.

Kada ka biya sai ka je da kanka ranar da ake ruwa. Dubi ƙasa: tsakuwa ce ko taɓo, ina ruwa ke kwanciya? Tambayi ko akwai wutar da za ka jona na'urar tsotse danshi. Auna tsayin motarka har da na'urar sanyaya ɗaki ta saman rufi, don nan ake karo da rumfa.

Jirgin kuma, cire toshiyar magudanarsa ta baya, ka ɗaga gabansa ruwa ya riƙa zurarewa; wanda ya manta wannan, kwatarniya zai tarar. Zubar da ruwan bututun famfon cikin motar da na injin jirgin, saboda dare ɗaya na daskarewa ya isa ya fasa su. Cire batir, ka kuma tambayi kamfanin inshorarka ko yana biyan asarar da ta faru a wurin ajiya.