Shin sunan da muka raɗa wa yaro zai iya tauye shi a rayuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Cikina wata bakwai, amma har yau ni da maigidana mun kasa daidaitawa kan suna. Ni ina son wanda ba kowa ke da shi ba, shi kuwa ya ce baƙon suna zai jawo wa yaro tsokana a makaranta da wahalar samun aiki. Da gaske suna na da wannan tasirin?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Maganar maigidanki tana da ƙamshin gaskiya, sai dai abin bai kai yadda yake tsoro ba.

Suna kan riga mai shi isa wuri. Mai ɗaukar ma'aikata yana karanta shi kafin ya ga fuska, kuma nan take zuciyarsa ta ƙiyasta masa jinsi da shekaru da asalin mutumin. A 2004 masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun wallafa wani bincike da suka yi a biranen Boston da Shikago na Amurka. Sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 na mutanen da babu su, wasu da sunayen da aka fi sanin fararen fata da su, irin su Emily da Greg, wasu da na baƙaƙen fata, irin su Lakisha da Jamal. Ilimi ɗaya, ƙwarewa ɗaya, amma kiran ganawa da rukunin farko ya samu ya ɗara na ɗayan da kashi 50 cikin 100.

Ki lura da kyau, Jamal suna ne mai kyawun ma'ana. Wariyar da ke zuciyar mai karanta takardar ce ta yi aiki, kuma ina jin ciwon yadda ake ɗora wa iyaye laifin da ba nasu ba. A shekarar 2004 ɗin dai wasu masanan, Roland Fryer da Steven Levitt, suka bi bayanan haihuwa na jihar Kalifoniya, suka ga cewa idan aka kwatanta yaran da suka taso cikin hali iri ɗaya, sunan bai canza makomarsu ba. Halin da gidan yake ciki da ilimin iyaye su suka fi nauyi. Wanda ya zauna da mutum wata guda, halinsa zai riƙe, ba sunansa ba.

Inda nake goyon bayan maigidanki shi ne wajen furuci. Binciken Simon Laham da abokan aikinsa a 2012 ya nuna mutane sun fi sakin jiki da sunan da harshe ke faɗa cikin sauƙi. Suna zai iya zama baƙo kuma ya yi daɗin faɗa. Wanda ke wahalar da yaro shi ne wanda kullum sai ya gyara wa malami, ko wanda aka murɗa rubutunsa don a bambanta, ko mai kama da wata kalmar ban dariya. Har kotu ta taɓa shiga irin wannan: a Faransa alƙali ya hana iyaye sa wa 'yarsu Nutella, sunan wani cakulan da ake shafa wa burodi, ya mayar da shi Ella.

To ki gwada sunan da kike so. Ki binciko ma'anarsa a harshen da ya fito, kada daɗin sauti kaɗai ya ja ki. Ki haɗa shi da sunan mahaifinsa ki faɗa da ƙarfi, ki ji yadda yara za su gajarta shi, sannan ki tambayi kanki ko zai dace da dattijo mai shekara 60 kamar yadda ya dace da jariri. Idan ya tsallake waɗannan, ki kai wa maigidanki tare da ma'anar. Idan har yanzu bai gamsu ba, ku sa biyu, nasa da naki, yaron ya zaɓi wanda zai amsa idan ya girma.