Hutu a jirgin ruwa: amsoshin tambayoyinku kafin ku fitar da kuɗi

Makonni uku da suka wuce na ba ku labarin kwana bakwai da muka yi ni da uwargidana a jirgin ruwan shaƙatawa, wanda ya ɗauke mu daga Dubai ya zaga da mu Abu Dabi da Doha da Maskat ya dawo. Tun ranar saƙonni ba su yanke ba, kuma yawancinsu daga karkara suke. Na tsamo huɗu.

Tambaya: Malam, ni manomin riɗi ne a yankin Maigatari, ina kuma taɓa harkar shanu ranar Alhamis. Ni da mai ɗakina mun sauke farali. Yarona da ke aiki a Ingila ya ce zai biya mana hutun mako guda a jirgin ruwa, ya turo hotunan ɗakuna iri uku in zaɓa. Ban taɓa hawa abin da ya wuce kwalekwale ba. Yaya zaman yake, kuma wane ɗaki zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya ba shi masu yi masa. Ka fara cire kwalekwale daga ranka. Abin da za ka shiga gari ne guda da aka ɗora a kan ruwa: benaye sun haura goma, da na'urar hawa da sauka, da kantuna, da ɗakunan cin abinci, da ɗan asibiti. Ɗaya daga cikin manyansu, Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Namu bai kai shi ba, amma sai da na yi kwana biyu kafin in daina ɓata hanyar ɗakinmu.

Tsarin zaman kuwa, da dare jirgi ke tafiya. Ka kwanta a wani gari, ka wayi gari a wata ƙasa. Bayan karin kumallo mai son fita ya fita ya ga gari, ya dawo kafin lokacin da aka rubuta a ƙofar jirgi. Ka riƙe lokacin nan da kyau, Alhaji, domin nan ba tashar Gumel ba ce da za a ce direba ya dakata Alhaji na zuwa. Wanda ya makara jirgi tafiya yake ya bar shi, shi zai nemi kuɗin da zai tarar da shi a gari na gaba. Ka kuma daidaita agogonka da na jirgi, ba na waya ba, don Doha tana bayan Dubai da awa ɗaya, waya kuwa takan sauya lokaci da kanta ba ka sani ba.

Ranar shiga za a ba kowannenku kati. Shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da dawowa, shi ne kuma aljihunka, don ba a ciniki da tsabar kuɗi a ciki. Duk abin da ka saya a kan katin ake rubutawa, a daren ƙarshe a kawo maka lissafi. Abincin babban ɗakin da kowa ke ɗiba da kansa yana cikin kuɗin da aka biya: shinkafa, kifi, ƙwai, burodi, kayan lambu, 'ya'yan itace, tun asuba har dare. Tuwo dai babu. A rana ta huɗu na fara kewar miyar kuka ƙwarai.

Batun ɗaki, a nan zan dage. Mafi araha shi ne na ciki, wanda ba shi da taga ko ɗaya. Shi muka ɗauka don sauƙin kuɗi, kuma na yi da-na-sani. Idan aka kashe fitila duhu ne irin na rumbu, ba ka sanin dare daga rana, sai ƙarar agogo ta gaya maka asuba ta yi. Mutumin da ya saba fitowa tsakar gida ya dubi sama ya san ko za a yi ruwa, wannan ɗakin takura ne a gare shi. Na biyu mai taga ne, amma tagar ba ta buɗuwa. Na uku mai baranda ne: ka tura ƙofa ka fita ka sha iska, Hajiya ta zauna ta yi lazuminta ba idon kowa. Tunda yaro ne ya yi niyya kuma yana da hali, ka ɗauki mai baranda, kada kunya ta sa ka zaɓi na ciki. Ka ce masa ya nemi wanda ke tsakiyar jirgi, a benen da ba can ƙololuwa ba, domin goshi da wutsiya da saman jirgi su suka fi rangaji idan teku ta motsa.

Abin da ya fi zauna min a rai a tafiyar ba abinci ba ne, ba kuma kantunan Dubai ba. Wata asuba ce da na hau saman jirgi bayan sallah, na duba gabas da yamma, kudu da arewa, babu tudu, babu bishiya, babu komai sai ruwa har inda ido ya ƙare. Mu da muka tashi inda ake auna ruwa da tulu da jarka, inda rijiya kan ƙafe kafin bazara, ganin wannan yana sa jikin mutum ya yi sanyi ya tuna girman Mahalicci. Don wannan kaɗai ma ina so ka je.

Tambaya: Ni malamar firamare ce daga Bagwai. Maigidana yana son mu yi irin wannan tafiya idan ya karɓi kuɗin sallamarsa. Ni tun hatsarin da aka yi a garinmu nake tsoron ruwa. Sannan yaya sallah da abinci da sutura?

Amsa: Malama, Allah ya jiƙan yaran da muka rasa a hatsarin jirgin ruwa a madatsar Watari a Nuwamban 2021, ya ba iyayensu haƙuri. Duk wanda ya ga wannan rana ba za a ce masa tsoronsa ba shi da dalili ba. Kuma ba zan ce miki babban jirgi ba ya hatsari ba. A Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu cikin fiye da 4,000 da ke ciki. Bambancin shi ne akwai doka ta ƙasa da ƙasa da ake kira SOLAS, wadda aka fara tsarawa bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic a 1912, da ta wajabta rigar ceto ga kowane mutum da isassun ƙananan jiragen ceto. Bayan hatsarin Italiya aka ƙara tsanantawa: tun a farkon tafiya ake nuna wa kowane fasinja inda zai taru idan an busa ƙaho da yadda ake ɗaura rigar. Ana duba katin kowa, ba a tsallake mutum. Ki je wannan horon da zuciya ɗaya, ki gwada rigar da hannunki. Uwargidana ma da fargaba ta shiga, bayan ta san hanyar wurin taruwarmu hankalinta ya kwanta.

Abin da ya fi damun mutane a zahiri jiri ne da tashin zuciya, sai ciwon ciki mai yaɗuwa idan an yi sakaci da wanke hannu. Ki tafi da citta, ki sa likita ya rubuta miki maganin jiri tun daga gida. Asibitin jirgi ba kyauta ba ne, kuma da tsada, don haka inshorar lafiya ta tafiya ba abin tsallakewa ba ce.

Sallah ba ta gagara. Yawancin lokaci jirgin a natse yake, a tsaye za ki yi abinki. Alƙibla ce ke son lura, tunda jirgi na juyawa, kuma ƙarfen jikinsa yakan rikita manunin alƙibla na waya. Ni talabijin ɗin ɗaki nake dubawa, akwai tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, daga nan in ƙiyasta. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli a tafiyar ruwa, ku zauna da malaminku kafin ku tashi.

Sauran kuma gaskiya zan gaya miki, don kada ki je ki ce ban faɗa ba. A yawancin jiragen nan ana sayar da giya a kowane lungu, akwai ɗakin caca, akwai kiɗa har tsakar dare, kuma a bakin wurin wanka mutane kusan tsirara suke. Ba mai tilasta miki, ba kuma wanda ya yi wa uwargidana kallon banza don hijabinta, amma za ki wuce ta wurin, idonki zai gani. Ana dafa naman alade, shi ya sa muka tsaya kan kifi da ƙwai da ganye, muna tambayar masu abinci abin da aka sa a miya. Idan wannan ya yi miki nauyi, ku bincika Aroya, kamfanin Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024. Babu giya a jirginsa, babu caca, abincinsa halal ne, akwai wurin sallah. Idan kuma bayan duk wannan zuciyarki ba ta kwanta ba, ki gaya wa maigida a fili. Kuɗin sallama sau ɗaya ake karɓarsa, bai kamata a kashe shi a kan makon da za ki yi ba barci ba.

Tambaya: Yallaɓai, ni ango ne daga wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. Na ga talla a Facebook, mako guda a jirgin ruwa a Turai, kuɗin bai kai na bijimi ɗaya ba. Mai tallar ya ce in tura rabi kafin alƙalami, shi zai yi min biza. Ina tunanin sayar da shanun huɗata biyu in kai amarya.

Amsa: Ƙanena, kada ka sayar, kada kuma ka tura. Farashin da ka gani na mutum ɗaya ne, na ɗakin ciki mara taga, kuma daga tashar jirgin ruwan yake farawa, wato Basalona ta Sifaniya ko Jenowa ta Italiya, ba daga Kano ba. Ka ninka shi biyu. Ka ɗora tikitin jirgin sama na mutum biyu zuwa da dawowa, wanda shi kaɗai yakan fi kuɗin jirgin ruwan. Ka ɗora fasfo, da katin rigakafin shawara, da inshora, da kwana ɗaya a otal kafin ranar tashi, domin wanda ya sauka a ranar, jinkirin jirgin sama na awa uku ya isa ya cinye masa tafiyar gaba ɗaya. Sannan tukuicin ma'aikata, wanda ba ganin dama ba ne kamar namu: yawancin kamfanoni suna rubuta shi da kansu a kan katinka, kimanin dala 12 zuwa 20 kowace rana a kan kowane mutum. Lemon kwalba da intanet da motar zaga gari duk daban ake biya. Ni da na shirya ma lissafin daren ƙarshe ya girgiza ni, ga kuma wayata da na manta ban kashe mata data ba ta kama layin tauraron ɗan'adam na jirgi ta kwashe kuɗin da ke ciki kaf.

Biza kuwa, fasfon Nijeriya yana buƙatar bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, don shiga Sifaniya ko Italiya, kuma ofishin jakadanci ne kaɗai ke bayarwa, bayan ka je da kanka an ɗauki hoton yatsunka an duba takardun bankinka. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi biza tabbas ce, ka riƙe aljihunka. Idan an hana ka biza bayan ka biya, da wuya kamfanin jirgi ya mayar maka da kuɗinka cikakku. Ka kuma sani yawancin kamfanonin ba sa ɗaukar mace mai cikin da ya kai mako 24.

Shanun nan su ne za su huɗe maka gonar da za ta ciyar da amaryar da damina. Idan fita kake so ku yi, ka kai ta Tiga ku kwana biyu ku ga ruwa, ko ku je dausayin Baturiya da sanyi lokacin da tsuntsaye ke sauka. Teku tana nan, ba inda za ta je.

Tambaya: Yaya, an riga an biya mana, wata mai zuwa za mu tashi. Ni daga Ringim nake. Me zan saka a jaka?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya kai ku lafiya. Abu na farko ƙaramar buta ta roba, domin banɗakin jirgi takarda kawai ake ajiyewa, kuma ɗan mitsitsi ne. Sai darduma, da takalmi mara santsi, da rigar sanyi ko da ƙasar zafi za ku, don iskar teku da dare tana ratsa mayafi. Garin yaji a ƙaramin gwangwani mai murfi zai gyara miki abincinsu, wanda gishiri ma da ƙyar yake ji. Kilishi da dambun nama ki bar su a gida idan Turai za ku, ba a shiga da nama. Magungunanki su zauna a kwalinsu na asali, a jakar hannu tare da fasfo da kayan sawa na rana ɗaya, saboda manyan akwatuna karɓa ake yi a ƙofa, wani lokaci sai bayan magariba suke isowa ɗaki.

Dutsen guga da butar lantarki da kyandir duk ƙwacewa ake yi a wurin bincike, don ba abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara. Na san abin da ke ranki: kasko da gawayi da turaren wuta. Kada ki kai su. Kowane ɗaki akwai na'urar jin hayaƙi a rufinsa, kina kunnawa za ki ji ana buga ƙofa. Humrarki ta kwalba ki naɗe ta cikin zani ki sa a babban akwati, ita ba mai hana ki.