Jiran Gawon Shanu da Kasa Kunne

Wani matashi mai rubuta manhaja a Jos ya aiko da tambaya. Yana koyar da ɗalibansa da Hausa, sai suka zo kan soket, wato ƙofar da saƙo ke bi ya shigo manhaja daga intanet. Idan zaren aiki ɗaya, wato ɗaya daga layukan aikin da manhaja ke gudanarwa tare, ya tsaya jiran saƙo har sauran zarurruka suka kasa motsi, shi “toshewa” yake cewa. Ko ya dace?

Malam, toshewa ba ta zauna ba. Rami ake toshewa, ko bututu, ko hanci. A nan ƙofa a buɗe take, baƙon ne bai iso ba, mai jiransa kuma ya tare hanya. Don haka “tare hanya” na zaɓar maka.

Irin wannan zama Bahaushe ya daɗe da raɗa masa suna: jiran gawon shanu. Gawo itace ne mai ganye da rani, shanu na son 'ya'yansa, sai su tsaya a gindinsa sai sun faɗo. Ba su kiwo, ba su tafiya.

Kishiyarsa kuwa, leƙa teburin mai shayi a kasuwar Taminus ta Jos da sanyin asuba. Butarsa na kan wuta, amma bai tsura mata ido ba. Yana yanka burodi, yana kaɗa ƙwai, yana ba da canji, da ta tafasa sai ya juya. Wannan shi ne kasa kunne, kuma ita ce kalmar da nake so ka koya musu, domin hannun mai kasa kunne a sake yake.

Haka masana suka tsara. Soket ya fito ne a BSD, tsarin gudanar da kwamfuta na Jami'ar Kalifoniya da ke Barkele a 1983, tare da umarnin select, wanda ke kasa kunne ga ƙofofi da yawa lokaci guda. Daga baya Linux, wani tsarin irinsa, ya samu umarnin epoll, mai ɗaukar dubban ƙofofi. Harshen rubuta manhaja na Python kuwa makulli ɗaya zarurrukansa ke karɓa-karɓa, sai mai riƙe da shi ke aiki, tunda taura biyu ba ta taunuwa, amma zaren da zai jira soket sai ya ajiye makullin tukuna, wani ya ɗauka.

Kalmar “dako” kam ka bar ta. Jira ce, amma yaro zai iya ɗauka ɗan dakon kasuwa kake nufi.